Yadda Za Ka Yi Sharhin Littafin Da Babu Sunanka A Ciki

Zauna, ɗan'uwa, ka ture waɗancan takardun jarrabawa gefe. Na ji an ce editan mujallarmu ta nazarin al'adu ya aiko maka da littafi ka yi masa sharhi, kuma tun ranar kake jujjuya shi kamar wanda aka ba ajiyar kunama. Kwantar da hankalinka. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, littattafai sama da arba'in sun bi ta ƙarƙashin birona. Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci cikin kwana biyu za ka gama, a buga, a yi ta maganarka a tsangaya. Ni na gwada su da kaina bara, ga shi har yau ana maganata.

Mataki na 1: Karɓa kana ƙorafi

Kada ka kuskura ka nuna murna. Masanin da ya karɓi littafi da hannu biyu ya tona wa kansa asiri cewa ba shi da aikin yi. Ka dubi tarin takardun da ke kan teburinka, ka yi ajiyar zuciya, ka ce za ka ga abin da hali zai yi. Idan babu tarin takardu, ka aro daga ofishin kusa.

Haka na yi wa editanmu, wanda muke kira Fitowa Ta Gaba, don duk abin da ka tambaye shi amsarsa ke nan. Ya shigo da littafi mai koren bango ya ce fagena ne, kuma 'yata ce ta rubuta. Gaskiya ya faɗa. Littafin a kan rubuce-rubucen da direbobi ke sa wa a bayan manyan motoci ne, kuma ni na fara ɗaukar wannan abu a matsayin ilimi tun lokacin da abokan aikina ke cewa na zama kwandasta. Marubuciyar kuwa tsohuwar ɗalibata ce, ni na duba digirinta na uku. 'Yar Tasha muke ce mata, saboda shekara huɗu ta yi tana bin tashoshin mota da littafin rubutu a hannu, har direbobi suna ajiye mata benci.

Da zai fita, editan ya tsaya a bakin ƙofa ya tuna mini cewa takardunta na neman ƙarin girma suna gaban kwamiti, kuma littafin nan shi ne ƙashin bayansu. Kwamitin ba ya karanta littafi, sharhin mujalla yake karantawa. Na ce masa ai ta faɗo hannu na gari.

Mataki na 2: Fara daga baya

Ɗan koyo ne ke fara littafi daga farko. Masani daga baya yake farawa, inda ake jera manazarta, wato sunayen mutanen da marubuci ya jingina da ayyukansu. Ka lashi yatsa ka gangara zuwa harafin da sunanka ya fara da shi. Idan ka ga kanka sau uku ko fiye, littafin "ya cike wagegen giɓi". Idan sau ɗaya ne, "yunƙuri ne abin a yaba". Idan kuwa babu, to aiki ya same ka.

Ni sunan da ake jera ni da shi da Ɗ yake farawa, mai ƙugiya. Duk wanda ya zauna a ajina ya san yadda nake ji da ƙugiyar nan. Nakan ce wa ɗalibai wanda ya rubuta ƙasa babu ƙugiya ya kasa, wanda kuma ya cire mini tawa ya cire mini hula a bainar jama'a. Amma duniya ba ta ji ba. Shekara da shekaru ana aske mini ita a tura ni cikin D, har na saba, can nake zuwa in gaisa da kaina.

Na je D. Na bi daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa har sama. Na cire tabarau na goge da bakin riga. Akwai wani Bature da ya mutu tun ba a haife ni ba. Akwai wani abokin aikina wanda duk rayuwarsa maƙala ɗaya ya rubuta, ita ma ni na gyara masa. Ni babu.

Na juya shafin godiya, ko da yake ni da bakina na hana ɗalibaina sa ni a wurin. Na sha gaya musu cewa shafin godiya na iyaye ne da masu buga takarda, malami a manazarta ake gode masa. Nan kam ta yi biyayya. Ta gode wa direbobi, da masu fentin mota, da wata mai sayar da ruwan sanyi a tasha. Mai ruwan sanyi ta shiga littafi ni ban shiga ba. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya sosa mini rai sosai, har sai da na rufe ƙofar ofis.

Mataki na 3: Kada ka tambayi kowa

A wannan gaɓa Shaiɗan zai zo maka a siffar mai hankali, ya ce ka ɗauki waya ka kira marubucin ka ji dalili. Ka yi a'uziyya. Babba ba ya roƙon a tuna da shi. Kuma idan ka tambaya aka ba ka amsa mai ma'ana, fushinka ya lalace, da me za ka rubuta shafi huɗu?

Ni ta bakin uwar 'ya'yana ya zo. Tsohuwar malamar firamare ce, ta yi shekara talatin tana kama yaran da ba su yi aikin gida ba, saboda haka da ta ga na ajiye cokali tun ban ci rabi ba ta san da magana. Na gaya mata. Ta ce yarinyar da take durƙusawa ta gaishe ni a tsakiyar tsangaya, ɗalibanta suna kallo, ba za ta yi haka da gangan ba, in kira ta mana. Na ce wannan harka ce ta ilimi, ba ta zumunci ba. Ta kwashe kwanuka, ta kai ƙofar kicin, ta juyo.

"Farfesa, ka karanta littafin kuwa?"

Ka lura, ba ta kira na Farfesa sai idan tana shirin yi mini tsiya. Na ce mata likita ba sai ya kwana da majinyaci yake gane ciwo ba.

Idan marubucin ya zo da kansa, kada ka bari ya shigo. Sau biyu 'Yar Tasha ta zo ofis a makon, ɗauke da kwafin da ta ce nawa ne. Sau biyun na sa sakatariya ta ce ina taro, ina jin muryarta ta bayan ƙofa tana cewa a gaishe da Malam.

Mataki na 4: Karanta shafi uku, kada ka wuce

Yawan karatu yana raunana sharhi. Da zarar ka wuce shafi ashirin za ka fara fahimtar marubuci, daga fahimta sai tausayi, daga nan kuma ka tashi aiki. Abin da kake buƙata shi ne jerin abubuwan da ke ciki, don ka san yawan babobi, da shafi biyu da za ka buɗe ido rufe.

Babi ɗaya ne haramun a gare ka, na biyu, inda ake bitar ayyukan magabata. Tun da ba ka a manazarta, ba ka can ma. Shiga ka ga yadda aka yi wa wasu kirari neman hawan jini ne kawai.

Sa'a ta bi ni. Buɗewar farko na sami wata shekara da aka rubuta ba daidai ba. Buɗewa ta biyu ta kai ni shafi na 113, inda wata jimla ta faro daga saman shafi ta gangaro layi tara, ba waƙafi ba aya, tana ta kwasar "wanda kuma" da "wato ke nan". Na ja mata layi ja har biro ya huda takarda. Idan ka sami irin wannan ka rufe littafin nan take. Wanda ya tsinci dami a kala ba ya tsayawa tambayar mai gona.

Mataki na 5: Yabo tukuna, sannan "sai dai"

Duk sana'armu a kan kalmomi biyu take tsaye: sai dai. Abin da ya zo kafinsu gaisuwa ce, babu mai karanta shi sai mahaifiyar marubuci. Ka yabi bangon, ka yabi takardar, ka ce babobi bakwai ne a jere kamar yadda ya dace. Ka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sannan ka sauke.

Ka kuma koyi yaren gida. "Marubuciyar ta yi ƙoƙari" na nufin ta wahala a banza. "Littafin zai amfani masu farawa" na nufin mai hankali kada ya taɓa. "Muna fatan bugu na biyu zai gyara" na nufin muna addu'ar kada a yi bugu na biyu. Duk wanda ke cikin kwamiti ya san wannan yare, da shi aka yanka shi yana ƙaramin malami.

Ita jimlar shafi na 113 na kwafo ta ɗungurungum, na ce tirela ce da birkinta ya tsinke a gangare, kuma abin takaici ne mai nazarin gajerun maganganun direbobi ta kasa koyon taƙaitawa daga gare su. Sai da na tashi na zaga ofis sau biyu don daɗin wannan magana.

Mataki na 6: Jefa mashin, kada ka ambaci kanka

Kada ka rubuta cewa ba a sa sunanka ba. Wannan kukan yara ne. Ka yi magana a madadin ilimi, kamar kai ba ka da ciki ba ka da zuciya. Ga abin da na rubuta, kana iya ara:

"Abin mamaki shi ne yadda marubuciyar ta shiga gonar da wasu suka share tun shekara ashirin da suka wuce, ba tare da ko sallama ba. Mai karatu ne zai yanke hukunci ko rashin sani ne, ko kuwa rashin amana."

Ka ga gwaninta? Ban ce ta yi sata ba. Na ajiye kalmar a bakin ƙofa ne kawai, wanda ya zo wucewa ya ɗauka.

Mataki na 7: Miƙa, kuma ka hana a taɓa ko waƙafi

Edita zai yi ƙoƙarin sassauta maka. Fitowa Ta Gaba ya karanta nawa a tsaye, ya kai ƙarshe, ya sake komawa kan layin amana. Ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, ba za a rage barkonon nan ba? Ka san fa abin da ke gabanta."

Na ce masa ilimi ba ya sanin 'ya, kuma idan ya cire harafi ɗaya zan fita daga hukumar mujallar. A raina kuwa na ce ai mujallar nan ba ta taɓa fitowa a kan kari ba. Ta bana shekara biyu take yi a hanya. Kafin a buga, kwamiti ya zauna ya tashi, yarinya ta sami girmanta, sannan ta ga sharhin ta ji ɗan zafi ta zo ta ba da haƙuri. Tarbiyya ke nan.

Ka riƙe wannan lissafi, yana sa barci mai daɗi. Abin da ban sani ba shi ne masu tantance jami'a suna tafe, kuma an ce wa editan ko ana ha maza ha mata su tarar da sabuwar fitowa a kan tebur. Karo na farko a tarihinta mujallar ta fito a kan lokaci, mako biyu kafin zaman kwamiti. Sunana na saman sharhin da D, an yi mini askin da aka saba.

Ka more waɗannan makonni biyu. Mutanen da ba sa gaishe ka za su tsaya su ce kai, Malam bai tsufa ba. Wani ma zai karanta layin tirela da ƙarfi a ɗakin shan shayi, a yi ta dariya.

Mataki na 8: Idan marubucin ya ƙwanƙwasa

Ka shirya fuskar uba mai yafiya. Ka tanadi jimlar da za ka ce don amfaninta ka yi.

Ta zo ranar Litinin da misalin ƙarfe goma, sakatariya ta fita karɓo takarda, babu mai cewa ina taro. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi Mama da jikoki. Na nuna mata kujera ba ta zauna ba. Idonta ya kai kan taga, inda na tokare murfin da koren littafinta saboda ƙarfen ya karye tun bara. Ta nemi izini ta zare shi, tagar ta rufo da kanta. Ta kaɗe ƙurar, ta buɗe manazarta, ta wuce D ba ta ko kalla ba. Ta wuce M, ta wuce T, ta kai Z, sannan ta juya shafi guda, na ƙarshe, wanda ke manne da bango. Ta ajiye a gabana.

Sunana ne daga sama har ƙasa, sau goma sha huɗu, kowanne da ƙugiyarsa a tsaye. Har da wata takarda da na gabatar a taro tun ina ƙaramin malami, wadda ni kaina na ɓatar da ita.

Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa marar lafiya. Na'urar maɗaba'a ba ta san Ɗ a cikin jerin haruffa ba, duk abin da ya fara da ita sai ta jefa shi bayan Z. Ta gani tun a gwajin bugu, ta koma wurin mai maɗaba'a har sau uku. A na ukun ya gaji, ya ce ta zaɓa: ko a cire ƙugiya sunan ya koma D cikin mutane, ko a bar ta ya zauna a ƙarshe shi kaɗai.

"Na tuna ka ce wanda ya cire maka ita ya cire maka hula, Malam. Sai na ce a bar maka hularka."

Na buɗe baki. Jimlar da na tanada tana nan, amma ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne tambayar kwamiti. Ta ce sun zauna ranar Alhamis. Sun ce tun da wanda ya koyar da ita da kansa ya sa alamar tambaya a kan amanarta, ta je ta dawo bayan shekara uku. Ta faɗi haka ba tare da muryarta ta motsa ba, ta kuma gode mini da gyaran shekarar nan, ta ce kuskurenta ne. Sai ta ciro kwafina daga jaka, wanda ta kawo sau biyu ina taro, ta ajiye a gefen tebur.

"Sannu ba ta hana zuwa, Malam," ta ce, ta fita.

Rabin karin maganar ta faɗa. Ragowar da "sai dai" take farawa, ta bar mini ita tun da ni ne gwaninta.

Mataki na 9: Yanzu ka karanta littafin

Kana da lokaci, don ba za ka so fita ɗakin shan shayi ba. Ni kwana uku na yi a kansa, kuma littafi ne mai kyau, ya fi duk abin da na rubuta. Babi na biyu shafi talatin ne, ashirin a kaina. Jimlar shafi na 113 kuwa daga ƙasan shafi na 112 ta faro, bayan alamar buɗe zance da sunan mai maganar. Tirelar tawa ce, ni na tuƙo ta shekara ashirin da uku da suka wuce. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, kuma ban ga wanda zan ɗora wa ba.

Daga nan ka shiga ihu bayan hari. Na je wurin shugaban kwamiti da littafin a buɗe a shafin ƙarshe. Ya duba, ya yi dariyar da ya kasa riƙewa, sannan ya gyara fuska ya ce bakin alƙalami ya bushe, ƙa'ida ba ta san ƙugiya ba. Na rubuta gyara shafi biyu, babu "sai dai" ko ɗaya a ciki, na kai wa edita da hannuna na tambaye shi yaushe za a buga. Ka san amsar. Masu tantancewa sun tafi, mujalla ta koma halinta, wata goma sha ɗaya ke nan takardar tana cikin durowarsa.

Uwar 'ya'yana ba ta ce ai na gaya maka ba. Abin da ta yi kawai, tun ranar ba ta ƙara kira na da wani suna ba sai Farfesa, ko ruwan wanka za ta ce an kai.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya sami wanda ya bi matakan nan a jeren da aka kawo su. Na yi alkawarin za a buga, za a yi maganarka, ban ce wace irin magana ba. Wanda ya ga dama ya fara da mataki na tara, ruwansa, amma ya sani ya saɓa wa al'adar sana'a. Ba na biyan diyyar ɗalibin da ya daina ƙwanƙwasa ƙofa, ko shekara uku na wata ɗaliba da ba za su dawo ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Mai ƙorafi ya neme ni a rubuce. Kada ya ɓata lokacinsa a D, ba na nan. Ya wuce Z ya juya shafi ɗaya, zai same ni zaune ni kaɗai, da hulata a kaina.